Yadda ake rage maganin fargaba har a daina shi lafiya

Wata ƙanwar mahaifiyata ta yi wajen shekara biyu tana shan Lexotan kullum da daddare, rannan kawai ta ce ita fa ta gaji da ƙwaya, ta watsa sauran a shara. Ba a yi kwana uku ba hannunta ya fara karkarwa ko kofin shayi ba ta iya riƙewa, ga gumi ga bugun zuciya, barci kuwa ya ƙaura, har an fara cewa iska ce a nemo mai ruƙiyya. Ashe yanke maganin da ta yi lokaci guda ne.

To abu na farko, duba kwalin ka san me kake sha, don ba duka ɗaya ba ne. Akwai dangin benzodiazepine, su diazepam wanda muke cewa baliyam, da Lexotan da Xanax da Ativan, su ne masu kwantar da jiki nan take kuma su jiki ya fi sabawa da su, ko sati huɗu mutum ya yi yana sha kullum zai iya sabawa. Yanke su kwatsam na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wannan ba wasa ba ne. Sai kuma su sertraline da fluoxetine da paroxetine, su kuma in an bari gaba ɗaya sai jiri da tashin zuciya da munanan mafarkai, wasu su ji kamar ana ja musu wutar lantarki a cikin kai. Paroxetine ya fi wahalarwa saboda saurin fita daga jiki, fluoxetine kuwa yana daɗewa shi ya sa ya fi sauƙi.

Daga nan sai likita, ba mai kemis ba don Allah. Ko da kanka ka fara saya ba tare da takarda ba, faɗa masa gaskiya, guda nawa a rana kuma tun yaushe, in kana haɗawa da tramol ko kodin ko giya shi ma ka faɗa, kunya ba ta da amfani a nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Ragewar kanta likita ne zai tsara, amma ga dangin benzodiazepine yawanci ana cire kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk sati ɗaya zuwa biyu, wani ma sai an ja masa zuwa wata guda kafin a sake taɓawa. Mai shan 10mg na diazepam misali sai ya koma 9mg ya zauna a kai jiki ya daidaita tukuna. Mai shan benzodiazepine irin masu saurin fita daga jiki wani lokaci ana mayar da shi kan diazepam kafin a fara sauka. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ƙarshen ya fi farkon wuya, wannan ɗan guntun da ka raina shi ke kayar da mutane, can ne ake ƙara rage gudu. Kar ka ce yau zan sha gobe in tsallake sai in likita ne ya ce.

Samu ɗan littafi kana rubuta abin da ka sha da yadda ka kwana. Da shi za a gane ko ciwon janye magani ne, wanda yake zuwa cikin kwanaki bayan an rage kuma ya lafa, ko kuwa fargabar ce ta asali take dawowa sannu a hankali. In abin ya yi tsanani kar ka ƙara yawan maganin da kanka, a kira likita, sau da yawa tsayawa ake a inda ake na ɗan lokaci. Rage kofi da goro da lemon ƙarin kuzari, ka dinga ɗan tattaki da yamma, kuma wani a gida ya san halin da ake ciki. In azumi ya kusa ko akwai juna biyu a tattauna tun kafin a fara.

Amma jijjiga, ko ruɗewa, ko ganin abin da babu, ko tunanin kashe kai, wannan asibiti ne a daren ba sai gobe ba.

Ita dai ƙanwar mahaifiyar tawa mayar da ita kan maganin aka yi aka faro daga farko, ina ganinta da reza tana raba ƙwaya huɗu a kan faranti, sai da ta shafe wata bakwai kafin ta ajiye na ƙarshe.