Yadda Ake Zaɓen Gitar Katako Mai Tsada, Ƙirar Hannu

Gitar da ba ta amfani da lantarki akwatin katako ce da tsirkiyoyi shida ke ja dare da rana. Tsirkiyoyin ƙarfe sirara, masu lamba .012 zuwa .053, jansu ya kai kusan kilo 73, masu matsakaicin kauri kuwa, .013 zuwa .056, sun haura kilo 80. Duk wannan nauyi a kan fuskar gitar yake sauka, wato falankin sama mai ramin nan a tsakiya, wanda kaurinsa bai wuce milimita 2.5 zuwa 3 ba. Gwanintar maƙeri ita ce ya kankare falankin har ya riƙa amsa ɗan taɓin yatsa, amma kada ya yi raunin da zai kumbura ko ya tsage. Wannan aikin ne kake biya wa kuɗi, tare da daidaiton wuya. Adon bakin rami da ƙyallin fenti duk a baya suke zuwa.

Su wa ke ƙerawa

Manyan kamfanoni irin su Martin, wanda aka kafa a 1833 yake kuma garin Nazareth a jihar Pennsylvania ta Amurka, ko Taylor da ya fara a 1974, suna fitar da gita dubbai, kuma galibi kaurin fuska ɗaya suke yanka wa duk gitar da ke samfuri ɗaya. Matsalar ita ce falanki biyu daga itace guda ma ba su cika yin ƙarfi ɗaya ba. Shi ya sa a cikin gita biyar masu suna ɗaya sai ka tarar ɗaya ta fita daban. A ƙananan masana'antu kamar Collings a Austin, Santa Cruz da Richard Hoover ya kafa a 1976, Bourgeois a jihar Maine, da Lowden a Arewacin Ireland, ana ba kowane falanki kulawa fiye da haka. Sai kuma maƙeri mai zaman kansa, irin su Ervin Somogyi a Oakland ko Linda Manzer a Kanada, wanda gitar da yake gamawa a shekara ba ta da yawa. Shi yakan lanƙwasa falankin da hannu, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya auna nauyinsa, sannan ya san iya inda zai tsaya da kankara. Farashin irin wannan aiki yakan fara daga wajen dala dubu biyar, na mashahurai kuma ya ninka haka sau da yawa.

Fara da hannunka da irin kiɗanka

Kafin zancen katako, ka san girman da ya dace da kai. Samfurin Dreadnought, wanda Martin ya fara sayarwa da sunansa a 1931, faɗin cikinsa kusan santimita 40 ne. Yana da ƙarfin amo da kauri a ƙasa, ya dace da mai bugu da ɗan faifan roba yana rera waƙa ko yana kiɗa cikin jama'a. Samfurin OM na 1929 faɗinsa santimita 38 ne, cikinsa bai kai zurfin wancan ba, kuma muryoyin tsirkiyoyinsa sun fi daidaita, shi ya sa masu kiɗa da yatsu ke sonsa. Ƙaramin 00 ya fi daɗin runguma a zaune. Mutum mai gajeren hannu da ya sayi Dreadnought don sunanta, kafaɗarsa ta dama ce za ta biya.

Awo uku ne za ka tambaya. Na farko tsawon tsirkiya daga ƙashin kan wuya zuwa ƙashin jaki (jaki shi ne katakon da aka manna a fuska, inda tsirkiyoyi ke ɗaure): milimita 645 yana ba da tauri da ƙara, milimita 632 ya fi laushin dannawa. Na biyu faɗin wuya a wajen ƙashin sama: milimita 43 ko 44.5. Bambancin kamar ba komai ba ne a takarda, amma mai manyan yatsu zai ji shi tun a dannawar farko. Na uku tazarar tsirkiya ta farko da ta shida a kan jaki, daga milimita 54 zuwa kusan 59. Mai kiɗa da yatsu ya nemi mai faɗi. Kaurin bayan wuya kuwa babu awon da zai gaya maka, sai ka riƙe ka yi kiɗa na akalla rabin awa ka ji ko tushen babban yatsanka ya fara ciwo.

Katako

A 1862 Antonio de Torres, maƙerin ƙasar Sifen da ya tsara siffar gitar gargajiya ta yau, ya ƙera wata gita da fuskar katako mai kyau, bayanta da gefenta kuwa na kwali, don ya nuna cewa muryar gita daga fuska take fitowa. Gitar tana gidan tarihin kiɗa na Barcelona har yanzu. Ka riƙe wannan a rai idan mai sayarwa ya fara zuba maka labarin tsadar katakon baya.

Yawancin fuskoki daga dangin itacen sufurus ake yin su. Sitka, na gabar Alaska da yammacin Kanada, ya fi yawa, kuma yana ɗaukar bugu mai ƙarfi da mai laushi. Adirondack ya fi tauri, ba ya shaƙewa komai ƙarfin bugu, amma mai sanyin hannu ba zai iya motsa shi sosai ba. Engelmann da sufurus na Turai sun fi saurin amsa taɓi mai laushi. Jan sida, wani itace daban da sufurus, ya fi su duka saurin amsawa da ɗumin murya, sai dai yana da taushi, farce ma yana yi masa tabo, kuma idan aka tsananta bugu muryarsa takan cakuɗe.

Ka duba zaren katakon. Ya kamata layukan su miƙe sambal daga sama har ƙasa. Leƙa kaurin falankin a bakin rami: layukan su tsaya a tsaye, kada su karkata, domin a haka falanki ya fi ƙarfi ya kuma fi jure sauyin yanayi. Sannan ka juya gitar a gaban haske. Fuska rabi biyu ce da aka tsaga daga gungume ɗaya aka haɗa a tsakiya. Idan rabi ɗaya ya yi duhu sosai ɗayan ya yi haske, suka kuma musanya da ka juya ta, to an yanka katakon ne a karkace da zarensa. Kaɗan ba laifi, mai yawa kuwa bai dace da gitar wannan farashi ba. Ƙanƙantar tazarar layuka, wadda masu talla ke yawan yabo, ba ita ke nuna ingancin murya ba.

A baya da gefe, rosuwud na Indiya yana ba da zurfi da doguwar amsa-kuwwa, mahogani kuma murya tsabtatacciya wadda tsakiyarta ke fitowa fili. Mahoganin Afirka da ake gani a gita ɗan'uwan maɗacinmu ne, baƙin ebonin da ake shimfiɗawa a kan wuya kuma ɗan'uwan kanya ne, da yawansa daga Kamaru yake fitowa, inda Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yankansa a Yaounde a 2011. Rosuwud na Brazil shi ne ake wa kirari, amma tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa shi a jerin da aka fi tsananta wa hani. Gitar da ke ɗauke da shi, ko da ɗan yanki ne a jaki, tana buƙatar takardu kafin ta ƙetare iyaka, in babu kuwa jami'an kwastan na iya ƙwace ta. Sauran rosuwud an sa musu takunkumi a 2017, aka cire kayan kiɗa da aka gama ƙerawa a ƙarshen 2019. Hauren giwa kuwa, a ƙashin wuya ko na jaki, kada ka yarda da shi sam. Ƙashin saniya yana yin aikin.

Binciken da za ka yi da rula, tocila da madubi

Kusurwar wuya ita ce abin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ita masu saye suka fi mantawa. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe, mai santimita 60, a kan ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da aka jera a gicciye inda ake danna tsirkiya, tsakanin tsirkiya ta uku da ta huɗu, ka zura ta har jaki. Bakin rular ya kamata ya shafi saman katakon jakin ko ya ɗan haura shi kaɗan. Idan ya daki jakin a ƙasa da samansa da milimita biyu ko fiye, wuyan ya riga ya sunkuyo gaba. Gyaran wannan sai an cire wuyan gaba ɗaya an sake dasa shi, aiki ne na ɗaruruwan daloli, kuma ba kowane gari ake samun mai iya shi ba. Wasu masu sayar da tsohuwar gita suna ɓoye wannan ciwo ta hanyar goge ƙashin jaki har ya kusa nutsewa. Don haka ka duba: ƙashin ya leƙo sama da katakon jaki da kusan milimita 3, tsayin tsirkiyoyin tsakiya daga fuska a gaban jaki kuma ya kai wajen milimita 12. Idan tsirkiyoyi na da daɗin dannawa amma ƙashin ya ƙare, an cinye duk sararin gyara na gaba, kuma muryar ma ta ragu, domin tsirkiya ba ta danna jakin yadda ya kamata.

Sai tsayin tsirkiya a kan ƙarfe na 12: wajen milimita 2.4 a ƙarƙashin mai kauri, 1.6 zuwa 2 a ƙarƙashin siririya. Danna tsirkiya mai kauri a ƙarfe na 1 da na 14 lokaci guda, ka duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na 7. Ta zama kamar milimita 0.2 zuwa 0.3. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya ita ke gyara wannan rata, amma ba ta gyara kusurwar wuya, kada wani ya ce maka juyi ɗaya na sifana zai warware komai.

Sassauta tsirkiyoyi, ka sa madubi da tocila cikin ramin. Za ka ga sandunan da ke tokare fuska, biyu manya sun gicciye juna, tsarin da Martin ya yaɗa tun tsakiyar ƙarni na 19. Ka nemi tsagewa, ko rata tsakanin sanda da falanki, musamman a ƙarshen sanduna. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da bayan yatsa. Inda sanda ta saki za ka ji wata 'yar karkarwa. Gwada zura takarda a bayan jaki. In ta shige da nisa, jakin ya fara ɗagowa. Ɗan tudu kaɗan a bayan jaki ba aibu ba ne, gita mai sauƙin fuska haka take. Lotsawa a gaban jaki tare da jakin da ya karkata gaba, wannan ne abin gudu.

Tambayi yadda aka haɗa wuya da jiki. Haɗin gam na gargajiya da haɗin kusoshi duka suna ba da murya mai kyau, sai dai na kusoshi ya fi sauƙin gyara ga wanda ke nesa da ƙwararru. Fenti kuma ya zama siriri, domin mai kauri yana danne fuska.

Sauraro

Ka gwada da sababbin tsirkiyoyi, a ɗaki marar amsa-kuwwa. Fara da taɓi mafi laushi da za ka iya. Gitar kirki tana ba da cikakkiyar murya ko a haka, nan ne ma take rabuwa da ta kasuwa. Sannan ka buga da ƙarfi ka ji ko muryar ta tarwatse. Bi kowace tsirkiya ƙarfe bayan ƙarfe har sama. Kusan kowace gita tana da wani sauti guda da ke mutuwa da wuri, sau da yawa a wajen ƙarfe na 2 zuwa na 4 a tsirkiya mai kauri, inda ya yi karo da amon iskar cikin akwatin. Abin tambaya shi ne ko ya yi munin da zai dame ka. Siririyar tsirkiya daga ƙarfe na 9 zuwa sama ta kasance da jiki, kada ta koma tsiwa. Daga nan ka miƙa wa wani ya kaɗa, kai ka koma taku huɗu ko biyar a gabansa, domin abin da mai kiɗa ke ji daga sama daban yake da abin da ke isa ga mai sauraro. Kada ka sayi gitar da ba ta gamsar da kai ba bisa alkawarin cewa za ta buɗe nan gaba. Katako yana ɗan sakewa da shekaru, gaskiya ne, amma yana ƙara wa abin da ke nan ne kawai.

Danshi da zafi

Yawancin maƙera suna harhaɗa gita a ɗakin da danshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A Kano, Katsina, Zinder ko Agadez, lokacin hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya hau sosai. Falanki yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, sandunan da aka manna masa a gicciye kuwa ba sa tsukewa tare da shi, sai ya tsage. Alamomin suna zuwa a jere: bakin ƙarafa ya fara kartar hannu, fuska ta lotsa, tsirkiyoyi su sauko suna zuza, daga nan sai tsaga, galibi daga jaki zuwa gindi. Garantin maƙeri ba ya ɗaukar wannan. Saboda haka kuɗin akwati mai tauri da ke rufuwa ruf, da ƙaramar na'urar auna danshi, da abin ƙara danshi, suna cikin kuɗin gitar. Soso da aka jiƙa aka matse sosai, aka sa cikin robar sabulu mai huji, yana aiki, muddin ruwa bai taɓa katako ba. Gitar ta zauna cikin akwatinta duk lokacin da ba a kaɗa ta. Kada ta kwana ko ta wuni a motar da aka rufe a rana, domin gam yana laushi, jan tsirkiya kuma ya ɗaga jaki.

Idan sabuwa za a ƙera maka, ka faɗa wa maƙerin ainihin garin da za ta zauna. Wasu sukan harhaɗa ta a danshin da ya ɗan yi ƙasa, su kuma zaɓi mahogani a kan rosuwud ko falankin da aka gasa, wanda bai cika motsi da yanayi ba. A rubuta komai a takarda: katako, awon wuya, kaurin tsirkiyar da aka gina ta dominta, kafin alƙalami da ko ana mayar da shi, farashin ƙarshe, lokacin gamawa, da kwanakin gwaji da za ka iya mayarwa idan ba ta yi maka ba. Jira yakan kai shekara ko fiye. Wajen aikowa a sassauta tsirkiyoyi, a cusa takarda ta tallafe kan gitar sama da ƙasa, domin nan ne ya fi karyewa a hanya, a kuma yi mata inshora. In ta iso, a bar ta a rufe cikin kwalinta na kwana ɗaya a ɗaki kafin a buɗe, don fenti kada ya tsattsage saboda sauyin zafi.