Yadda na gyara raunin injin turbo a hawan Mambila

Motata mai injin dizal da turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin) lafiya lau take tafiya a Jalingo, amma da zarar na wuce Serti na kama hawan Mambila zuwa Gembu, sai ƙarfinta ya zube, ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Da farko na ɗora laifin a kan tudu, tunda a tsayin mita 1,600 matsin iska yana sauka daga kilofaskal 101 zuwa kusan 84, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Sai dai turbo yana ƙara saurin juyawa ya cike yawancin wannan giɓi, don haka bai kamata raunin ya kai haka ba.

Na sauya matatar iska da ta mai, ba ta sauya zane ba.

Daga baya, injin yana kashe, na toshe mashigar turbo, na hura iska cikin bututun da ke kai iska daga turbo zuwa injin har matsinta ya kai rabin bar (kilofaskal 50), sannan na fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Nan take kumfa ta taso a ƙarƙashin tiyon da ke fitowa daga na'urar sanyaya iskar da turbo ke tura wa injin, inda na tarar da tsaga wadda ba ta wuce tsawon farce ba. A ƙasa turbo yana da rarar da ke rufe wannan yoyo, amma a kan tsauni rarar ta ƙare. Na sa sabon tiyo, na ɗaure zobbansa tamau, na maimaita gwajin, kumfa ba ta sake fitowa ba.

Alhamdulillahi, na gode wa bakaniken da ya ara mini injin hura iska. Jiya na isa Gembu babu hayaƙi.