Yadda za ka bi maganin cutar kaska idan gajiya ta ƙi barin jikinka

Cutar Laim, wadda kaska ke sa wa mutum, ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat ta Amurka, inda aka lura da yara masu kumburin gaɓoɓi a 1975. A 1982 wani masanin kimiyya, Willy Burgdorfer, ya bayyana ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta. Tunda bakteriya ce, antibayotik na kashe ta. Inda ake shiga ruɗani shi ne bayan an gama magani, mutum ya ga har yanzu hawa bene yana kayar da shi. Na yi jinyar ƙanwata a wannan hali, shi ya sa abin ke taɓa ni.

Mu fara daga cizon. Ka kama kaskar da hantsaki dab da fata, ka ja ta a hankali ba tare da murɗawa ba, ka wanke wurin, ka rubuta ranar. Yawanci sai ta wuce kwana guda a manne kafin ta zuba ƙwayar cutar. A yankunan da cutar ta yi yawa, likita kan ba da antibayotik mai suna doksisaikilin, miligiram 200 sau ɗaya tak, cikin awa 72 da cire ta. Bayan nan sai sa ido: tsakanin kwana 3 zuwa 30 jan tabo mai faɗaɗa yakan fito ga mutum 70 zuwa 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Ka ɗauki hotonsa. Tabon kaɗai ya ishi likita ya fara magani, don gwajin jini a makonnin farko kan nuna babu komai alhali akwai.

Maganin farko gajere ne. Ga babba, doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2020 ta ce kwana 10, ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce 21. Mai juna biyu amoksisilin ake ba ta. Idan gwiwa ta kumbura, kwana 28. Idan cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta rikita bugun zuciya, sai allurar seftiriyazon ta jijiya, mako biyu zuwa uku. Ka sha doksisaikilin da kofi cike da ruwa, kada ka kwanta nan take don yana ƙona maƙogwaro, kada ka haɗa shi da madara ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci ɗaya, kuma ka kiyayi zafin rana. Ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi.

To, an gama, gajiya na nan. A nan ne za ka haɗu da masu cewa a ƙara wata uku, wata shida, har shekara. Na fahimci abin da ke ja mutum can, domin wanda ya kasa tashi daga gado zai kama duk igiyar da aka miƙo masa. Amma an gwada. A 2001 an buga sakamakon gwaji a Amurka inda aka yi wa marasa lafiya kwana 30 na seftiriyazon, aka bi da kwana 60 na doksisaikilin, ba su fi waɗanda aka ba maganin da ba komai cikinsa samun sauƙi ba. A 2016 masu bincike a Holan suka ƙara wa mutane mako 12 bayan maganin mako biyu, sakamakon bai canza ba. Illar kuwa a fili take: gudawa mai tsanani saboda an kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, tsakuwa a matsarmama, da cutar jini ta hanyar robar da ake bari a jijiya, wadda ta taɓa yin kisa. Kada kuma a ruɗe ka da maimaita gwajin jini, yana iya nuna alamar cutar shekaru bayan ta mutu, don sawun garkuwar jiki yake gani.

Abin da za ka nema a wurin likita shi ne ya duba wani abu daban. Kaskar da ke ɗauke da Laim kan ɗauko babesiya, ƙwayar da ke shiga jini kamar ta zazzaɓin cizon sauro, doksisaikilin ba ya taɓa ta, maganinta atobakon ne da azitromaisin. A auna ƙarancin jini, sukari, tayirod (wata halitta a wuya da ke daidaita ƙarfin jiki), a tambayi yadda barcinka yake da ko kana cikin damuwa.

Idan duk an duba, kuma ka lura ƙaramin aiki kan kwantar da kai washegari ko bayan kwana biyu, ka faɗa wa likita da bakinka, domin wannan ita ce babbar alamar ciwon gajiya mai daɗewa da ake kira ME/CFS. Ciwo ne na gaske, ba lalaci ba ne, kuma antibayotik ba maganinsa ba ne. A 2021 NICE ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu shi motsa jiki mataki-mataki. Abin da ya taimaki ƙanwata shi ne littafi: ta rubuta aikin da ta yi da yadda ta tashi, har ta gane iyakarta, ta riƙa tsayawa kafin ta kai can. Wanka a zaune, aiki a yanka shi gida-gida, hutu kafin gajiya ta zo. Ka tafi da littafin duk ranar ganin likita, a nemi maganin barci da na ciwon jiki ɗaya bayan ɗaya, a sa ranar sake dubawa.