Yadda Jami'in Hulɗa da Jama'a Zai Tunkari Ranar da Ma'aikatarsa Ta Shiga Matsala

Yawancin aikin jami'in hulɗa da jama'a shirya taro ne, da rubuta jawabin shugaba, da aika hotunan bikin buɗe sabon reshe. Amma ana auna ƙwarewarsa ne a ranar da gobara ta tashi a masana'anta, ko motar kamfani ta kaɗe wani, ko saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp yana cewa kayan da ake sayarwa gurɓatattu ne. Wannan bayani ya shafi abin da ya kamata ya yi a sa'o'in farko, da kuma shirin da ya wajaba ya kammala tun kafin ranar ta zo.

Abu na farko shi ne samun hanyar kai tsaye zuwa ga shugaban ma'aikata. Jami'in da sai ya bi ta hannun mutum uku kafin ya ga mai yanke hukunci, labari zai riga shi fita. Tun lokacin zaman lafiya ya kamata a amince a rubuce kan wanda zai yi magana da yawun ma'aikata, da wanda zai maye gurbinsa idan ba ya nan, da wanda zai sa hannu a kan sanarwa ko da tsakar dare ne. A ajiye lambobin wayar editoci da wakilan gidajen rediyo, a kuma riƙa gaisawa da su tun ba a buƙatarsu, domin ɗan jaridar da bai taɓa jin muryarka ba sai ranar da kake neman taimako ba shi da dalilin jiran bayaninka.

Idan abin ya auku, je wurin da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi, kada ka dogara da abin da shugaban sashe ya faɗa maka ta waya, saboda wanda laifi zai iya hawa kansa yakan rage girman ɓarna ko da bai yi niyyar ƙarya ba. Daga nan sai ka fitar da gajeriyar sanarwa ta farko cikin gaggawa. Ba sai ta amsa kowace tambaya ba. Ta faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da halin da mutanen da abin ya shafa suke ciki, da matakin da aka ɗauka, da lokacin da za a ƙara bayani. Wannan al'ada ta daɗe. A shekarar 1906, bayan jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a Atlantic City ta Amurka, mutum fiye da 50 suka mutu, wani jami'in hulɗa da jama'a mai suna Ivy Lee ya shawo kan kamfanin jiragen ƙasa na Pennsylvania Railroad ya fitar da bayani da kansa, ya kuma bar 'yan jarida su je wurin, a zamanin da kamfanoni suka saba ɓoye irin wannan haɗari.

Wurin da jami'ai da yawa suke tuntuɓe shi ne alƙaluma. Shugaba zai so a faɗi adadi kaɗan domin hankali ya kwanta, kai kuma aikinka ne ka ƙi faɗin abin da ba a tabbatar ba. Lokacin da rijiyar man kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko a watan Afrilun 2010, ma'aikata 11 suka mutu, ƙiyasin farko da aka bayar na man da ke malala shi ne ganga 1,000 a rana. Daga baya binciken gwamnati ya nuna ya haura ganga 50,000. Bayan wannan, duk abin da kamfanin ya faɗa sai aka riƙa kallonsa da shakka. Shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya ƙara dagula lamarin da ya ce a gaban kyamara shi ma yana son ya koma rayuwarsa ta da, alhali iyalai suna makoki, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar. Saboda haka kada ka bar shugabanka ya tsaya gaban makirufo ba tare da kun zauna kun bi tambayoyin da suka fi zafi ɗaya bayan ɗaya ba, musamman idan a gajiye yake ko a fusace.

Lauyan ma'aikata zai ce a yi shiru, kuma yana da hujjarsa, tunda kowace kalma tana iya komawa kotu. Sai dai jajanta wa waɗanda suka yi asara daban ne da amsa laifi, kuma za a iya rubuta jaje na gaskiya wanda lauya zai amince da shi. Abin da ya fi sanarwa tasiri shi ne matakin da jama'a za su gani da idonsu. A 1982, da mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan shan ƙwayoyin maganin ciwo na Tylenol da wani ya sanya wa guba, kamfanin Johnson & Johnson mai yin maganin ya janye kimanin kwalabe miliyan 31 daga kasuwa, ya gargaɗi jama'a su daina sha, sannan ya dawo da maganin cikin kwalba mai hatimin da ke nuna ko an taɓa buɗe ta. Jami'in da ke da kujera a wurin yanke hukunci ne kaɗai zai iya ba da shawarar irin wannan mataki.

Ga mai aiki a ƙasar Hausa akwai ƙarin abu guda. Sanarwar Turanci da aka tura wa jaridun Legas da Abuja ba za ta kai ga mai shago a kasuwar Kantin Kwari ba, wanda a rediyo da saƙon murya ya ji zargin. A rubuta bayanin da Hausa tun daga tushe, a nemi fili a gidajen rediyon da mutane ke saurara, kuma idan lamarin ya taɓa unguwa ko ƙauye, a je a gai da mai unguwa ko hakimi da limami a yi musu bayani baki da baki. Game da ambulan ɗin kuɗi da ake miƙa wa 'yan jarida domin su binne labari, ko da an yi nasara a wurin mutum biyar, na shida yana da waya a hannu, kuma labarin cin hancin zai fi na asalin muni.

Matashin da ke son daɗewa a wannan sana'a a Najeriya ya yi rajista da Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, kuma dokar soja mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon tantance masu aikin. Bayan kowace matsala ta lafa, ya rubuta wa shugabanninsa rahoton abin da aka faɗa, da lokacin da aka faɗe shi, da alkawuran da aka ɗauka a bainar jama'a, sannan ya riƙa bibiyar sassan da abin ya rataya a wuyansu har sai an cika kowanne.