Yadda ɗalibi zai shirya zuwa aikin haƙar kayan tarihi a ƙasar waje

Ɗalibin da ke karatun ilimin kayan tarihi a Jami'ar Jos ya san cewa aji da littafi kaɗai ba sa koya wa mutum karanta ƙasa. Sai an shiga rami. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na waje kan buɗe filin haƙa kowace shekara, galibi tsakanin Yuni da Agusta, su karɓi ɗalibai na 'yan makonni. Ɗan Jos zai iya samun gurbi, amma tun ran gini ran zane: shirin yana farawa watanni da dama kafin a hau jirgi.

Ka fara daga gida. Je ka Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka zauna da kayan Nok har ka san su da ido. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono waɗannan siffofi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt suka yi shekaru suna haƙa a yankin tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, aikinsu kuma ya nuna cewa mafarin al'adar Nok ya kai wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk inda ka je a duniyar wannan fanni, da zarar an ji daga Nijeriya kake, Nok za a tambaye ka. Idan sashenku zai fita aikin fili a Filato, ko na kwana kaɗan ne, kada ka bari ya wuce ka, domin shi ne abin da za ka rubuta a takardar neman gurbi.

Sannan ka zaɓi wurin da ya dace da abin da kake son sani. Mai sha'awar asalin ɗan Adam da kayan aikin dutse ya dubi Kenya: akwai makarantar fili ta Koobi Fora a gabashin tafkin Turkana, a yammacin tafkin kuma Kamoya Kimeu ya gano ƙwarangwal ɗin da ake kira Yaron Turkana a 1984. Mai son zamanin Romawa ya dubi Vindolanda a arewacin Ingila, tsohon sansanin soja inda danshin ƙasa ya adana takalman fata da wasiƙun da aka rubuta a kan siraran katako, waɗanda aka fara ganowa a 1973. A ganina ɗalibinmu ya fi amfana idan ya fara da wata ƙasar Afirka, saboda ƙasar da zai haƙa da tambayoyin da ake yi sun fi kusa da namu. Kafin ka nema, ka tambayi wane ne shugaban aikin, ko suna da izinin hukumar ƙasar, ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da abinci da masauki, ko kuma sun taɓa wallafa sakamakon haƙarsu.

Takardar neman gurbi shafi ɗaya ya isa: abin da ka taɓa yi, abin da kake son koyo, da inda za ka yi amfani da shi. Ka nemi wasiƙar shaida daga malamin da ya gan ka a fili. Batun kuɗi kuwa, kada kunya ta hana ka tambaya kai tsaye ko akwai rangwame ko tallafi ga ɗaliban Afirka. Ka kuma leƙa shafukan DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu, da na Cibiyar Birtaniya ta Gabashin Afirka da ke Nairobi. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa don ya sama maka gurbi, ka rabu da shi.

Takardun tafiya su ne suka fi cinye lokaci. Ka tabbata fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida. Idan ƙasar tana buƙatar biza, nemanta yana iya kai ka Abuja, don haka ka ajiye kuɗin mota da na kwana, ka tafi da wasiƙar gayyata da ta jami'arka. Bizar Schengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Allurar shawara sai bayan kwana 10 katinta yake fara aiki. Ka ƙara da ta tetanus, tunda da ƙasa da ƙarfe za ka yini.

Kayan sawa ba sai sababbi ba. A kasuwar Katako za ka samu takalmi mai ƙarfi, wando mai kauri da rigar ruwa a gwanjo. Ka haɗa da malafa, gorar ruwa, fensir, tef ɗin awo, littafi mai bango mai tauri, da ƙaramin cokalin magina mai tsini. Cokalin ka sa shi a jakar da za a auna, kada ka shiga da shi jirgi a hannu.

Yanzu ga ainihin aikin. Abin da ya kamata ya zauna maka a rai tun ranar farko shi ne haƙa rushewa ce. Ƙasar da ka kwashe ba ta komawa yadda take har abada, abin da ya rage kawai shi ne abin da ka rubuta, ka zana, ka ɗauka a hoto. Shi ya sa ba a tona rami a bi wani abu da ya leƙo. Ana kankare ƙasa ne da gefen cokali, a kwance, kana ja da baya don kada ka taka inda ka share. Ƙasa tana zuwa hawa-hawa, kamar shimfiɗar tabarmi wata kan wata, ta ƙasa ta riga ta sama. Da ka ga launi ya sauya, ko hannunka ya ji ƙasar ta yi laushi ko ta yi tauri, ka tsaya ka kira mai kula da ramin. Sabon hawa ne, kuma lamba ta daban za a ba shi.

Idan ka ci karo da tsingaro, ƙashi ko dutsen niƙa, kada ka fizge shi. Ka share kewayensa da buroshi, a auna inda yake da zurfinsa, a ɗauki hoto da ma'auni da kibiyar da ke nuna arewa. Bayan haka ne zai shiga leda mai ɗauke da sunan wuri, lambar rami, lambar hawa da kwanan wata. Tsingaron da ya rabu da lambarsa ya rasa mafi yawan amfaninsa. Gawayi ya fi komai buƙatar kula, domin da shi ake auna shekaru har zuwa wajen 50,000: ka ɗauke shi da bakin cokali mai tsabta, ka naɗe a takardar alminiyom. Ƙasar da aka kwashe kuma sai ta bi ta rariya, a nan ne ake tsintar duwatsun ado da ƙananan ƙasusuwa. Aikin rariya da wankin tsingaro da yamma ba su da farin jini wajen ɗalibai, amma ni ina ba da shawara ka riƙa neman su, saboda nan ido yake goguwa. Littafinka kuma ka cika shi kullum kafin ka kwanta, da fensir, domin tawadar biro takan baje in ta jiƙe.

Zaman sansani yana da nasa ladabi. Tun kafin ka tashi daga Jos ka sanar da shugaban aikin lokutan sallarka da abin da ba ka ci, kuma idan tafiyar ta faɗo cikin azumi a yi maganar tun da wuri. 'Yan'uwa mata su tambayi yadda masauki da makewayi suke, haƙƙinsu ne. Ka girmama leburorin wurin, da yawansu sun shekara da shekaru a rami, kuma suna gane sauyin ƙasa kafin mai digiri. Idan aka tarar da kabari, ka bi umarnin shugaba da al'adar mutanen garin, kada ka ɗauki hoto don Facebook.

Kada ka sa komai a aljihu, ko da ɓallin tukunya ne. Dokokin ƙasashe sun hana, ga kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi. Mu da aka yi wa ɓarnar ramukan Nok aka kwashe kayansu zuwa kasuwannin Turai, mu da sai a Disamba 2022 Jamus ta kawo wasu tagullan Benin Abuja, mun san zafin abin.

Kwana biyu kafin a rufe rami, ka nemi shugaban aikin ya rubuta maka takardar da ta bayyana ayyukan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tambaye shi waɗanne hotuna da bayanai aka yarda ka yi amfani da su a kundin kammala karatunka. Da ka dawo, ka rubuta rahoto tun abubuwan suna sabo a kanka, ka miƙa wa sashe kwafi, ka nemi a ba ka awa ɗaya ka nuna wa 'yan ajin da ke bayanka yadda ake cike takardar bayanan kowane hawa na ƙasa da zana bangon rami.