Kurakuran da ake tafkawa wajen shirya mimori don Raspberry Pi

Na gaji da jin tambaya ɗaya daga bakin masu koyo: "Malam, Pi ɗina ya ƙi tashi, ko ya ƙone ne?" Galibi allon lafiyarsa ƙalau. Ita wannan 'yar kwamfuta mai allo guda ba ta zuwa da rumbun ajiya, babbar manhajarta gaba ɗaya tana zaune ne a kan mimorin microSD da bai wuce girman farce ba, kuma a nan ake yin ɓarnar.

Na farko shi ne jabun mimori, kuma ni ma na sha wannan kashi. Na taɓa sayen wani da aka rubuta giga 64 a jikinsa, da kuɗin da ko rabin na gangariya bai kai ba. Ya karɓi manhaja, Pi ya tashi, na haɗa shi da injin ƙyanƙyasar ƙwai yana rubuta min ma'aunin zafi. Da na zo duba bayanan, fayiloli sun ƙi buɗewa, waɗanda suka buɗe kuma shirme ne zalla. Ashe giga 8 ne, an daidaita shi ne ya riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Da zarar ainihin wurin ya cika, abin da ka zuba sai ya hau kan na baya ko ya bi iska, ba tare da wani gargaɗi ba. Tun daga ranar ba na amfani da sabon mimori sai na gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux. Suna cika shi taf, su sake karantawa. Wasu na cewa ɓata lokaci ne don yakan ci awanni. Ni da dare nake kunna shi in kwanta.

Na biyu ya fi ciwo. Wata rana ina sauri, na yi amfani da dd, umarnin Linux na rubuta manhaja kai tsaye a kan rumbu, na rubuta /dev/sdb ina zaton mimorin ne, alhali rumbun waje ne da ke ɗauke da hotunan bikin ƙanwata. Shi dd ba ya tambayar ko ka tabbata. Kafin in ankara ya take farkon rumbun, har yau ina jin nauyin yarinyar nan. Don Allah, saurin me kuke yi? Cire duk filash da rumbun da ke jikin kwamfuta kafin ka fara. A Linux, buga lsblk, umarnin da ke jero sunayen rumbuna, kafin ka soka mimorin, ka sake bugawa bayan ka soka, ka ga wane suna ne ya ƙaru. Raspberry Pi Imager, manhajar rubuta mimori da ta fito a 2020, tana gargaɗi kafin ta goge, amma ita ma rumbun da ka zaɓa za ta share. Ni sai na karanta girman da baki kafin in danna.

Kwafe fayil ɗin .img mai ɗauke da babbar manhajar ka jefa cikin mimori kamar waƙa ba zai tayar da komai ba, rubuta shi ake yi da Imager ko balenaEtcher. Idan an gama Windows ta ce ka yi fomatin, ka ƙi. Ɓangaren mimorin mai tsarin Linux (ext4) ne ba ta iya karantawa. Kada ka tsallake matakin tantancewa na ƙarshe da Imager ko balenaEtcher ke yi. Idan rubutu ya ƙi, duba ɗan makullin da ke gefen adaftar da ake saka mimorin ciki. Manhajar 64-bit ba ta tashi a Pi 1 ko Zero na farko.

Masu bin tsofaffin darussa kuma su sani tun Afrilun 2022 aka cire sunan shiga "pi" da kalmar sirrinsa da aka saba. A cikin Imager za ka saka sunanka da kalmar sirri, ka kunna SSH (hanyar sarrafa Pi daga wata kwamfuta), ka cika bayanan Wi-Fi har da ƙasa, musamman in ba ka da allon kallo.

Sai fizge waya ba tare da kashewa ba. In Pi na cikin rubutu aka yanke masa wuta, mimorin na iya lalacewa, kuma mun san yadda ake ɗauke wuta a wajenmu. Buga sudo poweroff, ka jira koren fitilar ta daina ƙiftawa. Nawa Pi 4 a kan inbata yake da caja mai bolt 5, amfiya 3, kuma duk mimorin da na gama daidaitawa sai na ajiye cikakken kwafinsa a wani rumbu daban.