Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Ƙaramar Sakandare Karatun Bayani da Fure a Hannu

Yaron da ya shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kano ya riga ya ƙware a bin labari. Ya sha tatsuniya a gida, ya san da zarar an ce "ga ta nan, ga ta nanku" akwai wanda zai shiga uku kafin a kai ƙurunƙus. Amma miƙa masa littafin kimiyya ka gani. Zai bi layi yana furta kowace kalma daidai, ya dire a ƙarshen shafi, ka ce masa me aka ce, ya yi maka zuru. Ba daƙiƙanci ba ne. Rubutun bayani ba shi da Gizo ba shi da Ƙoƙi, babu wanda ake ɗokin ganin ƙarshensa. Wani gini ne ke riƙe da shi: wannan ya jawo wancan, wannan ya sha bamban da wancan, sai an yi kaza ake yin kaza. Yaron da ba a nuna wa ginin ba sai ya koma hadda, haddar kuwa ita ke watsewa ranar jarrabawar kammala aji uku.

Dalilin da ya sa na fi son fure a wannan aiki shi ne, yaro zai iya riƙe shi a hannu ya bincika ko abin da takarda ta faɗa gaskiya ne. Ba zai iya yin haka da darasin duniyoyin sama ko na jinin jiki ba. Ga shi kuma ba ya cin kuɗi.

Fara da neman furen da zangon karatu ya ba ka

A zangon farko, daga Satumba, damina na ban kwana amma kuɓewa, kabewa da masarar da aka shuka a makare suna nan da fure, zoɓo kuma na biyo baya. Zango na biyu na hunturu ne, lokacin da mangwaro ke cika da ƙananan furanni, tumatir na noman rani kuma na fure a lambunan Kura da Kadawa. A zango na uku kuka na yin fure da shigowar damina, gyaɗa kuma na fara nata kamar wata guda bayan shuka. A kowane aji ba za a rasa yaron da ake shuka kuɓewa a bayan gidansu ba, ko wanda babansa ke da lambu. Masu sayar da shuke-shuken ado a bakin titunan Nasarawa ma sukan bayar da furen da ya faɗi idan Malam ya yi musu bayani.

Idan da zaɓi, ɗauki kuɓewa. Furenta babba ne, sassansa a fili suke, ga namiji ga mace a wuri guda. Sai dai da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi, don haka a tsinko shi a ranar, a sa darasin kafin tara. Ka ja kunnen yara tun farko: ban da zaƙami, guba ne, ban da tumfafiya, farin ruwanta na illa ga ido. Reza kuma a hannun malami kaɗai. Farce ya ishe su.

Darasin farko: a rufe littafi

Raba ajin rukuni-rukuni, ko da benci biyu-biyu ne su juyo su fuskanci juna, kowane rukuni da fure ɗaya ko biyu a kan farar takarda. Kada ka faɗi sunan komai tukuna. Ce musu su ƙirga, su taɓa, su shinshina, su ɓare a hankali daga waje zuwa ciki.

Ga abin da za su tarar a furen kuɓewa. Fallaye biyar masu ruwan ɗorawa mai haske, kowane da ɗigon ja mai duhu a gindinsa. A tsakiya wani ɗan sanda ne tsaye, jikinsa cike da ƙananan ƙulle-ƙulle, wanda ya shafa zai ga gari rawaya ya manne masa a yatsa. A can ƙolin sandan akwai 'yan kawuna jajaye masu laushi kamar karan-miski. Idan aka cire fallayen, a ƙasa za a ga wani ɗan kumburi kore. Nan ne za ka zagaya da rezarka ka yanka shi a kwance. Ciki ɗakuna ne, kowanne da fararen ƙwayoyi a jere, ga yauƙi na bin yatsa. Ba ka buƙatar cewa komai, akwai wanda zai ɗaga murya daga baya ya ce, "Malam, ai kuɓewa ce ƙarama!" Shi ke nan, ya gano cewa mahaifar fure ita ke zama ɗan itace, tun kafin ya karanta jimlar da ta faɗi haka. Gani ya kori ji.

Sai ka ja layi biyu a allo ka raba shi uku: abin da muka sani, abin da muke son sani, abin da muka koya. Wata malamar karatu a Amurka, Donna Ogle, ita ta fito da wannan dabara a 1986, kuma ta dace da ajinmu domin alli kawai take ci. Cika gida na farko da na biyu da bakin yaran, ka bar na uku fayau. Tambayoyinsu su ne jarin darasi na gaba: me ya sa garin yake mannewa? Me ƙudan zuma ke nema a ciki? Me ya sa wani furen ke faɗuwa bai zama kuɓewa ba? Manita ya kwafe su a littafi kafin a goge allo.

Rubuta matanin da kanka

Littafin kimiyyar da ke hannunsu da Turanci yake, kuma yakan zuba sababbin sunaye goma a sakin layi ɗaya. Yaron da ke kokawa da harshe da kuma tsarin rubutu a lokaci guda, duka biyun za su kayar da shi. Don haka matanin farko ka rubuta shi da Hausa, gajere, sakin layi ɗaya ko biyu, a kan allo ko a takardar da aka yi wa hoto. Ka gina shi a kan tsari guda tak. Ga misali na jerin matakai, da gyaɗa, wadda Kano ta taɓa tara dalarta:

"Gyaɗa tana fure a sama amma tana 'ya'ya a ƙasa. Da farko ƙaramin fure rawaya yakan fito a jikin reshe kusa da ƙasa. Garin furen yakan sauka a kan sashen mace na wannan furen, wato barbara ta auku. Bayan haka furen sai ya bushe. Daga nan wani ɗan tsinke ya tsiro daga gindinsa, ya sunkuya ya huda ƙasa, ɗauke da mahaifar a bakinsa. A cikin duhun ƙasa ne bakin tsinken ke kumbura ya zama kwanson gyaɗa. Saboda haka gyaɗa ba ta son ƙasa mai tauri."

Da an ji kalmar barbara za a yi ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa, musamman 'yan aji biyu. Kada ka tsaya wa'azi, kada kuma ka kauce wa kalmar. Ka faɗi ma'anarta a kimiyyar tsirrai da fuska a sake, wato tafiyar garin fure daga sashen namiji zuwa sashen mace, ka wuce. Iyakarta minti ɗaya.

Karanta a fili, kana tunani a fili

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne zuciyar aikin. Mu malamai mun saba da cewa "wane, tashi ka karanta", yaro ya karanta, a ce "zauna". Abin da ya ji shi ne sautin karatu. Bai taɓa jin abin da ke gudana a kan mai karatu ba.

To ka buɗe masa kanka. Karanta jimlar farko ka dakata: "Fure a sama, 'ya'ya a ƙasa. To fa. Ta yaya? Ina jin sauran bayanin amsar wannan zai bayar." Ci gaba: "An ce da farko. Ke nan akwai na biyu, bari in shirya ƙirgawa." Da ka iso "saboda haka" ka tsaya cak: "Wannan kalma tana ce mini abin da ke gabanta sakamako ne. Sakamakon me? Bari in koma baya." Ka koma da yatsa, a gabansu, har ka sami tsinken da ke huda ƙasa. Komawa baya a karatu yara na ɗaukarta abin kunya. Idan sun ga Malam na yi, sai ta zama halal.

Sannan ka sa su farautar irin waɗannan kalmomi, su ja musu layi: da farko, bayan haka, daga nan, saboda haka, amma, sai dai, misali. Wanda ya san su yana tafiya cikin matani kamar wanda ya san layukan Kantin Kwari, ba ya ɓata ko da bai taɓa shiga shagon ba. A ƙarshe kowane rukuni ya mayar da sakin layin zane: akwatuna biyar da kibiya tsakaninsu, kalma uku ko huɗu a kowane akwati. Rukunin da ya kwafe jimla sukutum bai gama fahimta ba. Sa su rage.

Canza tsari, kada ka canza fage

A makonnin da ke biye furen na nan, ginin matanin ne ke sauyawa. Don kwatanci, haɗa kuɓewa da masara. Masara ta raba gida: namijin yana can ƙoli, macen kuma ita ce goyon da ke gefe, gemunsa na leƙowa. Iska ce ke kai garin, shi ya sa furenta ba launi ba ƙamshi, ba ta da wanda za ta yi wa kwalliya. Kowane silin gemu yana tafiya ne zuwa ƙwaya ɗaya. Kawo masara mai giɓi daga wurin mai gashi, ka ajiye a tebur, ka bar matanin ya bayyana musu cewa kowane giɓi sili ne da gari bai sauka a kansa ba. Su zana gida biyu, kuɓewa da masara, su jera inda suka haɗu da inda suka rabu.

Don dalili da sakamako, kuka ta fi kowa. Furenta fari ne babba, yana reto a doguwar igiya, da magariba yake buɗewa, yana da wari mai ƙarfi, kuma jemage ne babban mai yi masa barbara. A nan tambayar "me ya sa fari?" tana da amsar da yaro zai iya haƙowa da kansa: fari ne ake gani a duhu. Don matsala da mafita, ga dabino, wanda namijinsa bishiya daban macensa daban, har masu gonarsa kan hau su kai garin da hannu. Gwanda ma takan yi namijin da ba ya 'ya'ya, kuma kusan kowane yaro ya san gidan da aka sare irinta don haushi.

'Yan aji uku za su iya ɗaukar matani na tarihi. A 1694 wani Bajamushe malamin jami'ar Tubingen, Rudolf Camerarius, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan tsirrai, har da masara, inda yake cire sashen namiji ko na mace ya ga iri ya ƙi samuwa. Irin wannan matani na koya musu raba abu uku da suke cakuɗawa: abin da mutum ya yi zato, abin da ya aikata, da abin da ya gani.

Dokar "nuna mini"

Ka kafa ta tun ranar farko: duk wanda ya ba da amsa, sai ya ɗora yatsa a kan layin da ya samo ta, ko a kan sashen furen da ya tabbatar da ita. "Haka nake gani" ba ta wadatar ba. Ka kuma bambanta musu tambayar da amsarta ke kwance a layi ɗaya, da wadda sai an haɗa layi biyu, da wadda matanin bai amsa ba sam. Ta ukun nan tana da muhimmanci. Yaranmu sun taso da ganin cewa duk abin da ke rubuce ya gama magana, kuma cewa "ba a faɗa ba" rashin ladabi ne ga littafi. Ka yaba wa wanda ya fara faɗin haka a gaban aji.

Tsallakawa zuwa littafin Turanci

Sai yanzu za a buɗe babin fure a littafin kimiyya. Kafin a karanta jimla ko ɗaya, a duba take, ƙananan kanu, zanen da aka yi wa sunaye, da kalmomin da aka yi wa baƙin rubutu. Su ɗora furen da suka ɓare kusa da zanen, su manna wa kowane sashe sunansa na Turanci. Sunan yanzu ya sami abin da zai zauna a kai. Kalmomin haɗin nan kuma a yi musu jadawali, Hausa a dama Turanci a hagu, a liƙa a bango har ƙarshen zango. Idan malamin Turanci da na kimiyya za su zauna minti goma a ofishin malamai su daidaita makon da za su yi wannan babi, ribar ta ninka.

Gwajin ƙarshe rubutu ne, kuma ni da zoɓo nake yinsa. Kawo busasshen zoɓo daga kasuwar Rimi, da ɗanyen reshe in an samu, ka tambaye su wane sashen fure ne muke jiƙawa mu sha. Yawanci za su ce fallayen. Ba su ba ne: fallayen zoɓo kan faɗi, kofin da ke riƙe da su ne ke kauri ya yi ja ya rufe kwanson iri, shi ake ɓarewa a shanya. Ba su gajeren matani a kan haka, sannan kowa ya rubuta sakin layi ɗaya yana yi wa ƙaninsa na firamare bayani, da kalmomin haɗi aƙalla uku, ba tare da kallon matanin ba. Wajen duba aikin, raba makin gida biyu, rabi ga gaskiyar bayanin, rabi ga tsarinsa, ka rage tsananta wa kuskuren rubutun kalma a wannan karon. Daga nan a koma gida na uku na jadawalin ranar farko a cika shi, tambayoyin da ba a amsa ba kuma manita ya ɗauke su zuwa babi na gaba.